Dishewar murya: yaushe ake jira, yaushe ake zuwa likita, kuma yaya ake gyara ta da horo

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, za ka fara jin muryoyin mutane suna canzawa. Mushe ya shiga aji da safe muryarsa garau, kafin tashin rana sai ka ji tana karcewa. Ladani ya ɗaga murya da asuba, ta tsinke masa a tsakiya. Ɗan kamasho a tasha yana kiran Maraɗi, Maraɗi, saura mutum ɗaya, amma sai iska ke fita. Yawancinmu mukan ce ai sanyi ne, a sha zuma da citta zai wuce. Sau da dama kuwa yakan wuce ɗin. To amma akwai dishewar da ba ta wucewa, kuma ita ce ke raba mutum da sana'arsa, wani lokaci ma da ransa, in aka yi sakaci.

Ni kaina na shiga wannan hali. Shekara biyu da suka wuce na yi kusan wata uku muryata ba ta fita daidai. In na buɗe shiri da safe ba laifi, amma kafin in kai rabin awa sai in ji kamar an zuba mini yashi a maƙoshi. Na sha zuma, na tauna kanumfari, na sayi ƙwayoyi a bakin hanya, har allura aka yi mini. Kowane in na sha sai in ji sauƙi na kwana biyu, abin ya dawo. Ranar da na kasa ƙarasa karanta sanarwar rasuwa, abokin aikina ya karɓi takardar daga hannuna, ranar na san maganar ta wuce wasa. Abin da ya maido mini da murya a ƙarshe horo ne, na sati takwas, a hannun wani ma'aikacin lafiya da a da ban ma san akwai irin aikinsa ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi wa jama'a bayanin abin da na koya.

Yadda murya take fita

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka. Ka ce sss ka ja ta, sannan ka ce zzz. A ta farko ba za ka ji komai ba, a ta biyu za ka ji wurin yana rawa a ƙarƙashin yatsanka. Abin da ke rawar nan su ne tantanin murya guda biyu da ke cikin maƙogwaro, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wasu na ce musu igiyoyin murya, amma ba igiya ba ce, tsoka ce ƴar ƙarama da aka lulluɓe da fata mai laushi da damshi. Tsawon kowanne bai wuce santimita 2 ko 2 da rabi ba a namiji babba, a mace kuma bai kai haka ba.

In kana numfashi sukan buɗe, iska ta wuce. In za ka yi magana sai su haɗu, iskar da ke tasowa daga huhu ta bi tsakaninsu ta sa su kaɗawa. Wanda ya taɓa duba bakin algaita zai gane: ƴan siraran abubuwa biyu ne ke haɗe, mai busa ya tura iska, su yi rawa, sauti ya fito. Huhu shi ne zuga-zugin maƙeri, tantanin murya su ne bakin algaitar, baki da hanci da maƙoshi kuma su ne ƙoƙon da ke ƙara wa sautin amo, kamar ƙwaryar goge.

Saurin kaɗawar shi ne abin mamaki. A namiji, tantanin nan kan haɗu su rabu wajen sau 100 zuwa 120 a cikin sakan ɗaya. A mace wajen sau 200, a yaro ƙarami ya fi haka. Ka lissafa malamar da ke magana awa 4 ko 5 a rana, za ka ga tantaninta sun bugi juna sau ɗaruruwan dubbai kafin ta koma gida. Wannan ne ma ya sa matsalar ta fi kama mata masu aikin magana.

Mu Hausawa kuma muna da ƙarin dalilin kula da su, don harshenmu da hawa da saukar murya yake rarrabe kalmomi. Wuya da ke ɗauke da kai, da wuya ta wahala, rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya bambanta su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Wannan hawa da sauka, tantanin murya ne ke yin sa, in sun miƙe murya ta yi sama, in sun saki ta yi ƙasa. Shi ya sa in muryar mai gabatar da shiri ta dishe, masu saurare kan ce ba su gane abin da yake faɗa ba, ko da an ƙure ƙarar radiyo.

Me ke dishe murya?

Abu na farko kuma mafi yawa shi ne mura. Ƙwayar cutar mura kan kumbura tantanin, su yi nauyi, su kasa kaɗawa yadda ya kamata. Irin wannan kan warke da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu in an huta da magana, kuma yawanci ba ya bukatar antibiyotik.

Na biyu shi ne wahalar da murya. Kowa ya san kanta, wadda ke fitowa a tafin hannun manomi saboda riƙon ƙotar hauya. Haka take fitowa a tantanin murya, a daidai wurin da suka fi bugun juna, ɗaya a kowane gefe suna kallon juna. Da fari laushi gare ta, in aka ci gaba da tilasta murya sai ta yi tauri. Da ta fito, tantanin ba sa rufuwa ruf, iska na zurarewa, mutum sai ya ƙara ƙarfi don a ji shi, ƙarin ƙarfin kuma ya ƙara girman kantar. Ita ce aka samu a maƙogwarona. Malaman lakwal masu aji cike da yara, musamman ajin zana inda hayaniyar waje ke shigowa, da malaman makarantar allo, da masu wa'azi, da zabiyoyi, da maroƙa, da ƴan talla, duk suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Yara masu yawan ihu ma tana fito musu.

Akwai kuma wanda ke faruwa farat ɗaya. Mutum ya ƙwala ihu a filin kokowa ko wurin kallon ƙwallo, wata ƴar jijiyar jini ta fashe a cikin tantanin, murya ta ɗauke nan take. In bai huta ba, wurin kan iya zama tsiro a gefe ɗaya. Irin haka ne ya sami mawaƙiyar Ingila Adele a shekarar 2011, har ta soke wasanninta aka yi mata aiki a birnin Boston na Amurka.

Na uku shi ne ƙwannafi. Ruwan ciki mai tsami kan taso har maƙogwaro, musamman da dare in mutum ya cika ciki da abinci mai maiƙo da yaji ya kwanta nan take. Wasu ma ba sa jin zafin ƙirji, sai dai su tashi da safe murya a dishe, suna ta gyaran murya, suna jin kamar wani abu ya tsaya musu a wuya.

Na huɗu, bushewa da hayaƙi. Tantanin murya da damshi suke aiki. Iskar hunturu, da zafin watan Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, da ƙura, da garin alli, da hayaƙin icce a madafa, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da sigari da shisha, duk suna busar da su ko su tunzura su.

Sai kuma dalilan da suka fi nauyi. Jijiyar da ke motsa tantanin tana bi ta bayan inda maƙoƙo ke fitowa, don haka wani lokaci bayan aikin maƙoƙo gefe ɗaya kan daina motsi, murya ta zama iska-iska, mutum yana shaƙewa in ya sha ruwa. Tarin fuka kan iya kama maƙogwaro. Shanyewar ɓarin jiki da cutar karkarwa ta tsofaffi kan raunana murya. Akwai wasu ƙananan tsiro da ke fitowa a maƙogwaron yara har su toshe numfashi. Sannan akwai kansar maƙogwaro, wadda sigari da giya ne manyan masu jawo ta, kuma alamarta ta farko sau da yawa ba ta wuce dishewar murya marar zafi ba. In aka kama ta tun tana ƙarama a kan tantanin, yawanci ana warkewa. In aka bari ta bazu, sau da yawa sai an cire maƙogwaron gaba ɗaya.

Dokar sati uku

Ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran: muryar da ta dishe ta wuce sati 3 ba ta dawo ba, a je a duba ta. Ba a jira damina ta sauka, ba a jira a gama azumi ko a yi hutun lakwal. Mai shan sigari kuwa, ko wanda ya taɓa sha shekaru da yawa, shi ya fi kowa bukatar ya gaggauta.

Akwai alamomin da ba a jira ma sati ukun. In numfashi na wuya ko yana fita da ƙara kamar fito, wannan a tafi likita a ranar, babba ne ko yaro. Haka in ana tari da jini, ko haɗiya na zafi ko tana gagara, ko kunne ɗaya na ciwo ba dalili, ko wani ƙullutu ya fito a wuya, ko mutum na ramewa yana zufa da dare. In akwai tarin da ya wuce sati 2, a nemi awon majina a CSI mafi kusa, don in tarin fuka ne akwai maganinsa, na wata 6.

Wanda ke duba maƙogwaro shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a asibiti za ka ga an rubuta ORL a ƙofarsa. Akwai wannan sashe a manyan asibitocin ƙasa irin na Yamai da Damagaram, kuma daga CSI ko asibitin gunduma ake ba mutum takardar turawa. Buɗe baki a ce aaa ba ya nuna tantanin murya, don suna can ƙasa bayan tushen harshe. Sai an sa ɗan madubi mai doguwar ƙota, ko wani siririn bututu mai fitila da kamara da ake zurawa ta hanci. Ni an yi mini na hancin. An fesa mini maganin kashe zafi, abin bai kai minti 5 ba, hawaye kaɗan ne ya zubo mini. Wannan dabarar madubi ma wani malamin waƙa ne ɗan Sifen, Manuel Garcia, ya shahara da ita, lokacin da ya kalli nasa tantanin suna motsi a shekarar 1854, da madubi biyu da hasken rana.

Wane ne ortofonis?

Bayan likita ya ga abin da ke ciki, shi zai ce magani za a sha, ko aiki za a yi, ko horo. Mai ba da horon shi ne ake kira ortofonis da Faransanci, wato masanin gyaran magana da murya. Shi ne kuma ke taimakon masu in'ina, da yaran da suka yi jinkirin magana, da kurame masu koyon furuci, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, da mai wahalar haɗiya. Ba ya rubuta magani, ba ya yin tiyata. A Faransa an amince da wannan sana'a a hukumance a shekarar 1964, bayan aikin da wata mata mai suna Suzanne Borel-Maisonny ta share shekaru tana yi. A yankinmu, makarantar ma'aikatan lafiya ta Lome a Togo ta fara horar da su tun farkon shekarun 2000. A nan Nijar ba su da yawa, kuma an fi samun su a Yamai, don haka likitan ORL ne zai fi sanin inda za a tura mutum.

Ranar farko tambayoyi ne. Wane aiki kake yi, awa nawa kake magana, yara nawa a ajinka, da safe murya ta fi lalacewa ko da yamma, kofin shayi nawa kake sha, ƙarfe nawa kake cin abincin dare. Zai sa ka ja dogon numfashi ka ce aaa har iska ta ƙare yana duba agogo. Babba mai lafiya kan kai sakan 15 zuwa 20 ko fiye. In bai kai 10 ba, akwai alamar iska na zurarewa. Ni sakan 9 na yi. Zai ɗauki muryarka a waya don a kwatanta daga baya, ya kalli yadda kake tsayawa, ya taɓa wuyanka ya ji inda tsoka ta ɗaure.

Daga nan sai horon kansa, wanda yawanci zama ne na minti 30 zuwa 45, sau ɗaya ko biyu a sati, na ƴan makonni zuwa ƴan watanni. Abin da ake nema shi ne murya ta fita ba tare da an matse maƙoshi ba.

Ana farawa da numfashi. Yawancinmu in za mu ɗaga murya, kafaɗa muke ɗagawa, jijiyoyin wuya su tashi. Za a sa ka ɗora hannu a ciki, ka shaƙi iska har cikin ya taso, kafaɗa na nan inda take, sannan ka saki iskar a hankali da sss, daga baya da zzz. Ƙarfin magana daga ciki ya kamata ya fito. Za a kuma koya maka ka tsaya ka ja numfashi a tsakiyar dogon zance. Mu ƴan radiyo muna da wannan ɗabi'a ta son ƙarasa jimla da ragowar iska, muna matse kalmomin ƙarshe kamar mai tatsar lemon tsami.

Sai sassauta wuya. Ana yin hamma da gangan a sauke ta da ajiyar zuciya mai sauti, don hamma kan sauke maƙogwaro ƙasa ta buɗe maƙoshi. Ortofonis kan murza gefen zakaran wuya a hankali da yatsunsa har tsokar ta saki. Wannan kam hannun masani yake so, kada a sa wani a gida ya yi ta danna wuya.

Wanda ya fi ba ni dariya da fari, kuma ya fi yi mini amfani, shi ne na bututu. Ka sami ƙaramin bututun roba irin na shan lemo, ka sa a baki ka rufe leɓe, ka yi uuu ta cikinsa a hankali. Wani lokaci ana tsoma bakin bututun cikin ruwa kaɗan a kwalba, kamar zurfin gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, ruwan na ɓulɓul kana ci gaba da sautin. Hikimar ita ce, in ƙofar fitar iska ta ƙuntata, wani ɓangare na matsin iskar kan koma baya ya tallafi tantanin, su kaɗa ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. Masana a ƙasar Finland ne suka daɗe suna amfani da wannan dabara kafin ta bazu duniya. Ana yi minti 2 zuwa 3, sau da yawa a rana. Ɗan'uwansa shi ne kaɗa leɓe, brrr, kamar yaro na kwaikwayon ƙarar moto, ana hawa sama ana saukowa kamar jiniya.

Bayan haka sai a kawo muryar gaba. Ka rufe baki ka yi mmm har ka ji leɓe da hanci suna ɗan rawa. Daga nan ka buɗe: mmma, mmmu, mama, nono, mun nemi nama. Muryar da ke amo a fuska tana kai wa nesa da ƙaramin ƙarfi. Sannu a hankali sai a wuce zuwa jimla, sai karatu, sai ainihin aikin mutum. Ni takardar labarai na riƙa kawowa ina karantawa a gabansa, yana tsayar da ni duk inda na koma tsohuwar ɗabi'a. Malami darasinsa zai kawo, mawaƙi waƙarsa.

Ga mai kanta, horo shi ne magani na farko, kuma sau da yawa in ba ta yi tauri ba takan ragu ko ta ɓace ba tare da wuƙa ba. Tsiron gefe ɗaya kan bukaci tiyata, amma ko an yi, sai an bi da shiru na ƴan kwanaki sannan horo, in ba haka ba abin da ya kawo shi zai sake kawo shi. Wanda gefe ɗaya ya daina motsi, ana koya masa yadda lafiyayyen gefen zai matso ya rufe giɓin. Saurayin da ya balaga muryarsa ta ƙi faɗuwa, ana ta yi masa dariya, sau da yawa zama kaɗan ke gyara shi. Har wanda aka cire wa maƙogwaro ana koya masa wata hanyar magana. Sai dai gaskiya ɗaya ce: zaman asibiti minti 45 ne, sauran aikin a gida yake. Wanda bai maimaita kullum ba, kuɗin mota kawai yake ɓatawa.

Abubuwan da muke yi da ba sa taimakawa

Zuma da citta da ruwan ɗumi suna sanyaya maƙoshi, ba laifi a sha. Amma a sani, abin da ka haɗiya ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya, don in ya taɓa su shaƙewa za ka yi. Ba zai narkar da kanta ba. Kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Abin da ke kai damshi kai tsaye shi ne surace da ruwan zafi zalla, minti 5 zuwa 10, a kula kada ya zube wa yara.

Raɗa ma ba hutu ba ce. Mai raɗa da ƙarfi yana matse maƙoshi fiye da mai magana a hankali. In murya ta ɗauke, ko dai a yi shiru, ko a yi magana ƙasa-ƙasa a taƙaice. Yawan gyaran murya da kaki shi ma buga tantanin yake yi da juna. In ka ji yana zuwa, kurɓi ruwa ko ka haɗiye miyau.

Ƙwayoyin bakin hanya da ake ce wa masu buɗe murya, yawancinsu masu sauke kumburi ne da ƙarfi. Sukan ɓoye ciwon, mutum ya ci gaba da ihu a kan rauni, kuma yawan shansu na tayar da sukari da hawan jini. Ni shaida ne, wata uku suka ɓata mini.

Sai maganar beli. A garuruwanmu da yawa in maƙoshi ya dami mutum, akan ce belinsa ne ya sauko, a kai shi wurin wanzami a cire. Wanzamai mutanenmu ne, muna girmama su, amma beli a saman maƙoshi yake, tantanin murya suna can ƙasa, ba shi ke dishe murya ba. Cire shi na iya jawo zubar jini, da sarƙewar haƙora, da cututtukan da ake ɗauka ta aska, kuma yana cinye lokacin da ya kamata a ce an gano ainihin ciwon.

Kula da murya a kullum

Ruwa shi ne na farko. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, fiye da haka lokacin zafi, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo. In fitsari ya yi ja, jiki na neman ruwa. Lokacin azumi a rarraba shan ruwan daga buɗa baki zuwa sahur, masu tafsiri da limamai kuma su rage hira da rana don su tanadi murya. Shayi ba ya maye gurbin ruwa. A bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. In ƙura ta taso, a rufe hanci da baki da rawani ko takunkumi, a shaƙi iska ta hanci.

Malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya juyo ya kalli yara, ya matso kusa da su. Maimakon ihun a yi shiru, a tafa hannu ko a buga tebur. Lokacin hutun ƙarfe goma a ba murya minti 10 na shiru. Inda akwai lasifika a bar ta ta yi aikinta, ba sai an yi ihu a cikinta ba. Kada a yi gasar murya da janareto ko injin niƙa, a matsa gefe. Kafin a fara aikin magana, a ɗumama murya da mmm da brrr na minti 3, kamar yadda ɗan kokowa ba ya shiga fili bai motsa jiki ba. Ranar da mura ta kama ka, a rage magana. Sigari da shisha kuwa, barinsu ya fi duk wani horo.

Iyaye su ma su saurari ƴaƴansu. Yaron da kullum muryarsa a dishe take, ba a cewa haka Allah ya yi shi a bar maganar. A kai shi a duba, musamman in numfashinsa na ƙara. A gida kuma a rage kiran juna da ihu daga ɗaki zuwa zaure, don yaro abin da ya ji yake kwaikwayo.

Ranar 16 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar murya ta duniya, wadda likitoci suka faro a ƙasar Brazil a shekarar 1999. A wurinmu ta faɗo daidai tsakiyar zafi, lokacin da maƙoshi ya fi bushewa. Ni dai yanzu kwalbar ruwa da ɗan bututuna ba sa barin jakata, kuma da aka sake auna ni a ƙarshen horo, sakan 9 ɗin nan ya koma 19. In ka san wani malami, ko ladani, ko ƴar talla, ko dattijo mai shan sigari da muryarsa ta dishe ta haura sati 3, ka karanta masa wannan bayani, ka kuma raka shi likita. Allah ya ba mu lafiya.